Baitin Tela

Ni na yi baitin tela. Da wannan na fara don kada in kai tsakiyar magana zuciyata ta karaya in kauce, yadda na yi ta kaucewa shekara hamsin da ɗoriya. Jikata ce ke riƙe da biro, don ni ban taɓa karatun boko ba. Na gargaɗe ta: abin da ya fito daga bakina shi za ta rubuta, kada ta gyara mini, kada ta rage mini ɗaci.

Abin ya taso ne wata ranar Litinin da ta dawo daga makaranta. Ina tsakar gidanmu a unguwar Mairi ina tsince shinkafa, ta faɗo ko sallamar kirki babu.

"Kaka, kin iya waƙar yaƙi?"

"Koma ki yi sallama. Sannan ki faɗa mini wane yaƙin, garin nan ya ga fiye da ɗaya."

Ta koma ta yi, ta dawo tana zumɓura baki. Wai malamarsu ta tarihi, wata 'yar wajen Biu, ta ce ta gaji da yara suna haddace shekaru suna mantawa. Ta ce kowace yarinya ta je wurin tsofaffin gidansu ta samo waƙar da mata suka yi lokacin yaƙi, ko na basasa ko na shekarun nan da muka sha. Kowace waƙa da katinta: wa ya rera, a ina, ana wane aiki, wa ya ƙirƙira. In sun tattara sai su ɗinka baitocin a jikin wani babban ƙyalle, ranar taron iyaye kuma su kawo turmi da taɓare su rera.

Na ce mata aikin banza ne, a koya musu lissafi. Ta ce, "Tsohuwa, in ba ki iya ba ki ce ba ki iya ba, kowa ya san muryarki kamar ta ƙofar langalanga."

Wannan tsokanar ce ta ja ni. Na ajiye faifai na rera mata amshin:

Jirgi ya yi kuka a tasha, 'yan maza ku tashi,
ƙasa ta yi kira, wa zai ce bai ji ba?

Na bi da baiti biyar. Na shida na haɗiye shi. Ta tambaye ni ko ya ƙare, na ce ya ƙare.

Lokacin yaƙin basasa ina budurwa, muna zaune a wani gidan haya kusa da tashar jirgin ƙasa. Gida ne na tarin jama'a: mu Barebari, ga matar wani Bashuwa mai shanu, ga Baburawa biyu da mazansu ke aikin layin dogo, ga wata Bamargiya mai tuya. Kowa da harshenta a ɗaki, amma a bakin turmi Hausa ake yi, don ita ce kowa ke ji. Da hantsi ake fito da gero, mutum uku a turmi ɗaya, ana lugude. Wadda taɓaryarta ta tashi ita ke jefa baiti, sauran su amsa. Kuma akwai ƙa'ida da babu wadda ta kafa ta amma kowa ta sani: baiti in ya bar bakinki ya zama na turmi. Gobe za ki ji shi a bakin famfo, jibi a wata unguwa, ba mai tambayar wa ta yi shi. Wannan ƙa'idar ce ta rufa mini asiri duk shekarun nan.

A gidan akwai wadda nake kira Yaya. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, shekara uku kawai ta ba ni, amma ita ke yi mini kitso, ita ke tare mini faɗa. Tana da ƙane, tela, yana ajiye kekensa a gindin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke ƙofar gidan. Siriri ne, ba ya son hayaniya, kullum da allura a leɓe. Samarin layin suna ta zuwa a rubuta sunansu a soja, shi yana nan yana taka keke. Ba wanda ya dame shi a kai. Shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsu, kowa ya san haka.

Ana saura sati biyu sallah babana ya kawo mini atamfa daga Kano, shuɗiya mai zanen ganye. Ban taɓa mallakar irinta ba. Na kai wa tela. Da ya gama, wuyan rigar ya yi faɗi, yana zamewa ta kafaɗar hagu. Haka na sa ta ranar sallah don ba ni da wata, ina tafe ina jan wuya sama, 'yan mata suna yi mini dariya har gida. Washegari na je na jefa masa rigar a kan keke. Ya ɗaga ta ya duba, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce, "Rigar lafiyarta ƙalau, kafaɗarki ce ta karkace." Akwai samari biyu zaune a benci, suka kwashe da dariya.

Wasa yake yi. Yau na san wasa yake yi.

Kwana huɗu bayan haka muna daka. Yaya ba ta nan, ta tafi kasuwa sayo kuka. Ta katanga ina jin ƙarar kekensa. Taɓaryata ta tashi, sai na jefa:

Tela na gindin maina, allura ce makaminka,
maza sun hau jirgi, kai zo ka karɓi taɓarya.

Matan suka yi shewa, Bamargiyar nan ta rangaɗa guɗa. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Kafin sati ya zagayo baitin ya gama unguwa. Yara suna bin sa da shi in zai tafi masallaci. Wata safiya ya fito ya tarar an gicciya masa taɓarya a kan kekensa, ban san wa ya yi ba. Ya ɗauke ta ya jingine a katanga, ya zauna ya yi aikinsa har la'asar. Wata bai ƙare ba ya je aka rubuta shi.

Ranar da zai tafi muka yi kiciɓis a zaure, yana ɗauke da ƙullin kayansa. Ya tsaya ya ce, "Ki ajiye rigar nan. In na dawo zan rage miki wuyan." Har yau ban sani ba ko ya san ni ce. Na juya maganar nan a raina ta kowace fuska, ban samu amsa ba.

Bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Bayan an gama yaƙi wani da suka tafi tare ya zo ya zauna a zauren ya ce a yi haƙuri. Uwarsu ba ta shekara ba ta bi shi. Yaya ta ɗauki keken ta lulluɓe shi da zane, duk gidan da aure ko haya ya kai ta, da shi take tafiya, har ya zo ya zauna a kusurwar ɗakinta a unguwar Bulumkutu.

Ni da ita ba mu rabu ba. Ita ta yi mini wankan jego na fari da na biyu. Ita ta zauna da ni kwana arba'in da maigidana ya rasu. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko ta hau keke napep ta zo Mairi ko ni in je Bulumkutu, kuma ba ta taɓa zuwa hannu sake ba, sai da 'yar kwalbar turaren wuta da ta haɗa da kanta. In zancen ƙanenta ya taso, magana ɗaya take yi: "Ƙasa ta kira shi ya amsa. Ita ma wadda ta yi baitin nan, ban riƙe ta ba. Lokacin kowa zuciyarsa na tafasa, kishin ƙasa ne ya sa ta." Ni kuwa sai in ce, "Haka ne, Yaya," in miƙa mata goro.

A shekarun nan na tashin hankali, da samarin unguwa suka ɗauki gora suna tsaron layi, 'yan matan gidanmu sun so su fara yi musu waƙa, suna zuga waɗanda suka fita suna zolayar waɗanda suka zauna. Na fito da muciya na tarwatsa su. Na ce duk wadda na ƙara jin ta ambaci wani yaro a waƙa sai ta bar mini gida. Har maƙwabta suka fara yi mini wani irin kallo, kamar ba na son a tsare garin. Na bar su da zatonsu. Ya fi mini sauƙi a kan in faɗi dalili.

To, ashe malamar nan tana da doka: kowace waƙa sai an ji ta daga baki biyu, a jera su a ga inda suka bambanta. Juma'ar da ta biyo baya jikata ta maƙale mini sai ta bi ni Bulumkutu. Ban kawo komai a raina ba. Muna zama, an kawo ruwa, sai ta zaro littafi.

"Kaka babba, ke ma kin san ta jirgi ya yi kuka?"

Yaya ta yi dariya ta gyara lafayarta. "Wa ya koya wa kakarki? Zauna ki ji ta daga tushe."

Ta rera tana buga gwiwa da tafin hannu a madadin taɓarya. Baiti biyar, sannan na shida. Muryarta ba ta ko girgiza ba.

Jikata ta duba littafinta ta ce, "Kaka, taki ba ta da wannan."

Yaya ta nuna ni da haɓa. "Tsufa ya fara cin kan 'yar nan. Ke, har kin manta na tela? Telan nan ƙanena ne, yarinya. Ga kekensa can." Ta tashi da ƙyar ta yaye zanen. Ta shafa masa mai duk shekarun nan, yana ta ƙyalli.

Na ce kaina ke ciwo, muka dawo da wuri.

Da malamar ta ji labarin keken sai ta aiko a roƙe mu mu zo makarantar mu biyu. Ranar ce na fara taka aji a rayuwata. Aka ba mu kujeru a gaba, 'yan mata sun fi arba'in suna kallonmu. An liƙa katuna a bango, waƙoƙi da Kanuri, da Babur, da Larabcin Shuwa, da Hausa. Wata yarinya ta kawo ta kakarta, wadda ake yi wa jariri in ubansa yana bakin daga. Wata ta kawo ta shekarun nan, da matan sansanin gudun hijira suka yi wa garinsu da suka bari. Ni da na ce aikin banza ne, na ga yaran sun san wane jirgi ya kwashi sojoji, sun san me aka ci da gero ya yi tsada, duk daga bakin waƙa. Malamar ba ta da hayaniya, tambaya kawai take jefawa ta koma gefe.

Yaya ta ba su aron keken, an kawo shi a bayan a-kori-kura. Ta ce da shi za a ɗinka ƙyallen, mai shi zai so haka.

Sai wata 'yar baƙa mai tabarau ta ɗaga hannu. "Mama, wa ya ƙirƙiri baitin tela? Akwai gurbinsa a kati."

Yaya ta ce, "'Yata, a turmi ba a tambayar wannan."

Malamar ta ce to a rubuta ba a sani ba. Sannan ta raba su biyu, ta ce su yi gardama: wadda ta yi baitin ta kyauta ko ba ta kyauta ba? Suka kaure. Wasu suka ce ta tura yaro ga mutuwa. Mai tabarau ta miƙe ta ce, "Mace ce da ba a ba ta bindiga ba, bakinta kaɗai gare ta, da shi ta yi wa ƙasarta yaƙi. Ni a wurina jaruma ce." Aji ya ɗauki tafi. Na waiga, Yaya ma tana tafi, idonta ya ciko. Suka yanke cewa baitin tela shi za a sa a tsakiyar ƙyallen da jan zare.

Malamar ta matso ta rusuna. "Mama, ba ki ce komai ba."

Na ce, "Ƙafata ce ke ciwo, kujerar ta yi tsawo."

Kwana huɗu ina fama. In na yi shiru, yara arba'in za su tashi da cewa jaruma ce ta yi baitin, a ɗinka shi da keken wanda baitin ya kora. In na yi magana, zan ƙwace wa Yaya abu ɗaya da ta jingina da shi tun tana budurwa, kuma wataƙila in rasa ta. Mace mai shekaruna ba ta sake yin wata ƙawar.

Ranar Talata na hau napep ni kaɗai. Na same ta a tsakar gida gaban kasko, tana juya itacen turare a cikin narkakken sukari, hayaƙi ya cika wurin.

"Wushe, wushe, sannu da zuwa. Yau Juma'a ce ban sani ba? Ko hanya kika ɓata?"

"Yaya, sauke kaskon nan."

Ta dube ni, ta sauke. Ban zauna a tabarma ba, na durƙusa a ƙasa. Na faɗa mata ni na yi baitin. Ranar da ta tafi sayo kuka, da su wa ke turmin, da wadda ta yi guɗa. Ta saurara tana gyaɗa kai a hankali, har ta fara cewa, "To ai na sha gaya miki, lokacin kowa…"

Nan ne zan iya tsayawa. Ta buɗe mini ƙofa da kanta. Da na yi shiru a nan, da ta rungume ni, mu yi kuka, ranar Juma'a ta zo Mairi da kwalbarta.

Na ce, "Ba kishin ƙasa ba ne. Ban san ma inda ake yaƙin ba. Riga ce. Shuɗiyar atamfar nan ta sallah da ya ɓata wa wuya, ya ce kafaɗata ce ta karkace."

Ta tsura mini ido. Turaren da ke kasko ya fara daskarewa, ba ta kula ba.

"A kan riga," ta ce.

"A kan riga, Yaya."

"Na tuna rigar. Ni na ce masa ya saki wuyan kaɗan, don na ga kina girma." Ta goge hannunta da gefen zane, yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Shekara nawa ina ce miki ban riƙe ta ba, kina ce mini haka ne, kina ba ni goro?"

Na sunkuyar da kai.

"Da kin bar ni da abin da nake da shi." Ba ta ɗaga murya ba. "Tashi ki tafi, rana tana yi. Ba ki da lema."

Juma'a ta zo, Yaya ba ta zo ba. Na je Bulumkutu Juma'a ta biyun, surukarta ta fito ta ce Hajiya ta kwanta. Ina ganin takalmanta a bakin ƙofa, ina jin rediyonta. Na ce a gaishe ta, na juyo.

Yau da sassafe jikata ta je can da kanta, malamar ta aike ta tambayo yadda ake ɗaura zare a keken, don ya gagare su. Ta dawo jikinta a sanyaye, ta yi sallama yadda ya kamata, ta tsaya a kaina.

"Kaka babba ta ba ni saƙo. Ta ce in ce miki, ki faɗa wa yaran yadda kika faɗa mata, har da rigar. Ta ce kada a ɗinka ƙarya da kekensa." Ta dube ni. "Kaka, wace riga?"

"Ta ce za ta zo ranar taron?"

"Ba ta ce ba."

"Ɗauko bironki."

Shi ne muke zaune tun hantsi. Sau biyu ta ajiye biron ta fita waje, na jira ta dawo. Na ce ta kai wa malama wannan gaba ɗaya, a karanta wa ajin, musamman mai tabarau. In sun ga dama su bar baitin a tsakiyar ƙyalle, in sun ga dama su cire, wannan nasu ne. Sauran baitocin biyar na gaskiya ne, na san matan da suka yi su, biyu daga cikinsu mazansu na cikin jirgin. Kada laifina ya shafe su.

Katin yana nan a kan cinyarta. Inda aka rubuta ba a sani ba, na ce ta soke ta rubuta kakata. Ta ce babu gurbin dalili a katin. Na ce ta juya bayansa ta rubuta.

Gobe Juma'a. Turaren da ya rage a kwalbar bai fi na kwana uku ba, na daina sa shi. Zan share tsakar gida in shimfiɗa tabarma biyu kamar kullum, in zauna inda nake hango bakin layi.